Manhajar da na rubuta ta yanke reson shagon kawuna

Wasiƙar: Malam, ina wuni. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da marece kuma ina taimaka wa kawuna a sibar ɗinsa nan Maradi, inda ake fotokopi da buga takardu da cike-ciken intanet. Yana da ƙaramin reshe a Tasawa. Reso yakan faɗi muna, shi ya sa kawu ya sayi rauta ta biyu (akwatin da ke raba intanet) mai sim, aka jona ta a suwic ɗin da kwamfutoci suke. In ta farko ta mutu sai a bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ana sauya musu adireshi da hannu. Na ga wahalar ta yi yawa, sai na rubuta ƴar manhaja da Python. Tana gwada 8.8.8.8, wani adireshi na Google a intanet, in bai amsa ba sai ta kira netsh, umarnin Windows na saitin reso, ta sa wa katin da ake kira Ethernet adireshi 192.168.8.50, ƙofar fita (rautar da saƙo ke bi ya fita intanet) 192.168.8.1. A kwamfutata ta yi aiki sarai. Na zuba ta a duka, har da ta Tasawa daga nesa. Washegari ana tsakiyar cike takardun wata gasar ɗaukar aiki, reso ya ɗan yi rawa, komai ya rikice. Firinta ta daina amsawa, wasu kwamfutoci suka ce adireshi ya yi karo, tsofaffin biyu ko motsi ba su yi ba, ta Tasawa kuma har yau ban sake ganinta ba. Mutane suka kwashi takardunsu suka tafi wani shago. Kawu ya ce kada in ƙara taɓa mishi komai, babban yaron shagon kuma sai dariya yake mini. Ni na san tunanina daidai ne. Ina da makullin shago, kuma kalmar sirrin administrata tana cikin manhajar. In shiga da dare in gyara, da safe ya tarar komai na tafiya?

Amsa: Ƙanena, lafiya lau, sannu da ƙoƙari. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa tun da ita ce mai gaggawa: kada ka shiga. Makullin nan don buɗe shago da rufewa aka ba ka shi, ba don ka warware maganar da mai shago ya yanke ba. Kuma manhajar da ka kwatanta mini ba gyaran dare ɗaya take bukata ba. In ka sake zuba ta, duk ranar da reso ya sake rawa za ta maimaita abin da ta yi, a lokacin kuma laifi biyu ne a wuyanka, na ɓarna da na saɓa magana. Na farkon kawu yakan huce ya manta. Na biyun sai ya kai har gaban mahaifiyarka.

Ka ce tunaninka daidai ne. Rabinsa daidai ne. A riƙa zagaya kwamfutoci ana sauya adireshi da hannu, mutane na tsaye da takardunsu suna kallon agogo, aiki ne da ya kamata na'ura ta ɗauke wa mutum. A nan ka fi babban yaron shagon gaskiya duk da dariyarsa. Inda ka kauce shi ne abin da ka zaɓi ka sauya, da kuma rashin tanadin hanyar komawa in abu ya ɓaci.

Amma kafin mu kai can, akwai kwamfutar Tasawa da ke zaune ba reso, kowace rana kuma ciniki ne ke wucewa. Ba za ka iya gyara ta daga Maradi ba, ka daina gwadawa. Ka gaya mata ƙofar fitarta 192.168.8.1 ce, alhali a shagon Tasawa babu wata na'ura mai wannan adireshin. Duk saƙon da ta aika waje ba inda yake zuwa, har da amsar da take ƙoƙarin ba manhajar da kake leƙa ta da ita daga nesa. Sai an zauna gabanta. A fara da kashe manhajarka a cire ta daga abubuwan da ke tashi tare da Windows, in ba haka ba ana gyarawa tana sake ɓatawa. Daga nan a danna maɓallin Windows da R, a rubuta ncpa.cpl, wanda ke buɗe jerin katunan reso ko Windows ɗin na Faransanci ne ko na Ingilishi. A shiga saitin IPv4 na katin, a mayar da adireshi da DNS (mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi) kan samu kai tsaye. In da umarni ka fi so, ka buɗe tagar umarni da ikon administrata, ka ga lambar katin da wannan:

`netsh interface ipv4 show interfaces`

A ce lambar 11 ce, sai ka bi da waɗannan biyu:

`netsh interface ipv4 set address name=11 source=dhcp`

`netsh interface ipv4 set dnsservers name=11 source=dhcp`

In bayan haka ipconfig ya nuna adireshin da ya fara da 169.254, Windows ce ta laƙaba wa kanta shi don babu wanda ya amsa mata da ta nemi adireshi. Mai yiwuwa rautar can ba ta raba adireshi, dama can da hannu aka sa wa kwamfutar nata. Ka rubuta abin da ka tarar a kanta kafin ka sauya? Wasiƙarka ba ta nuna ka yi ba. To babban yaron nan da ke maka dariya, mai yiwuwa shi kaɗai ya san lambobin.

Yaron da ke reshen zai iya duk wannan in ka bi da shi ta waya. Ni dai na fi son ka je tasha ka hau mota da kuɗin aljihunka, da sanin kawu. Ba don gyaran ya fi kyau ba, don kawu ya ga wanda ya ɓata shi ya taka ya je.

Abin da ya faru a babban shago kuwa ba wani abin ɓoye ba ne. Adireshi ɗaya ka raba wa kowa. A cikin reso ɗaya kowace na'ura sai da nata. Idan Windows za ta ɗauki adireshi takan fara tambaya a kan waya ko akwai mai shi, in wani ya amsa sai ta janye ta yi ƙorafin karo. Wadda ta riga ta kama 192.168.8.50 ta riƙe, sauran suka tsaya hannu rabbana. A kwamfutarka ta yi aiki ne don ita kaɗai ce a lokacin. Firinta kuma tana nan inda take, a 192.168.1 da wani abu, kai ka kwashe kwamfutocin ka kai su 192.168.8. Da abin rufe fuskar reso (subnet mask, mai shata iyakar reson cikin gida) na 255.255.255.0, kwamfuta tana ɗaukar duk adireshin da lambobinsa uku na farko suka bambanta da nata a matsayin na waje, sai ta miƙa wa ƙofar fita. Rautar sim ba ta san wata firinta ba. Ga su a kan suwic ɗaya, waya na taɓa waya, amma ba sa ganin juna.

Tsofaffin biyu su suka fi ba ni sha'awa, don kuskurenka ne ya cece su. Ka rubuta sunan kati Ethernet a cikin manhajar kamar ko'ina haka ake kiransa. Daga Windows 8, wato 2012, aka fara wannan sunan. A Windows 7 na Ingilishi sunansa Local Area Connection, a na Faransanci Connexion au réseau local. Mu kuwa a Maradi kwamfutocin shago ba daga wuri ɗaya suke zuwa ba. Wata ta biyo ta Jibiya da Dan Isa daga Kano da Ingilishi a cikinta, wata ta fito Yamai ko Kwatano da Faransanci, wata an sauya mata kati ta koma Ethernet 2. Ko ka rubuta sunan Faransancin daidai, wannan é ɗin yakan lalace tsakanin fayil ɗinka da tagar umarni, saboda tsarin haruffan da kowannensu ke amfani da shi daban ne. Haka amsoshin netsh, su ma fassara su ake yi. Manhajar da ke neman kalmar Connected a cikin amsa za ta makance a kwamfutar da ke cewa Connecté. Saboda haka kada ka dogara da suna, kada kuma ka dogara da karanta jimlolin da aka rubuta don idon mutum. Ka nemi katin da lambarsa, ko da adireshin MAC da aka haife shi da shi, ko ka tambayi Windows wane kati ne ke riƙe da ƙofar fita a yanzu.

Na tabbata netsh ta yi ƙorafi a kan tsofaffin nan cewa ba ta ga katin ba, manhajarka ce ba ta saurara ba. A Python, subprocess.run yana dawo maka da returncode, in ba sifili ba ne to umarnin bai yi ba, kuma bai kamata a wuce zuwa layi na gaba kamar ba abin da ya faru ba. In kana son hanyar da ba ta bi ta rubutun mutane kwata-kwata, akwai WMI, hanyar da Windows ta tanada wa manhajoji don su karanta saitinta su kuma sauya shi. Ajin Win32_NetworkAdapterConfiguration yana da EnableStatic da SetGateways da SetDNSServerSearchOrder da EnableDHCP, kowannensu lamba yake mayarwa: 0 ya yi, 1 ya yi amma sai an sake kunna kwamfuta, 91 ba ka da izini. Yana aiki a tsoho da sabon Windows. Umarnan PowerShell irin su Get-NetAdapter da New-NetIPAddress sun fi daɗin rubutu, sai dai babu su a Windows 7. Python ma 3.8 ne na ƙarshe da ke tashi a kanta. Ita kanta Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina aiko mata gyaran tsaro, amma wannan maganar wata rana ce, kuma ba yanzu za ka kai wa kawu ita ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe daga wannan amsa. Duk manhajar da za ta taɓa saitin reso, kafin ta san yadda za ta sauya, sai ta san yadda za ta komo ba tare da kai ba. Sauran manhajoji in sun lalace kana iya shiga daga nesa ka gyara. Wannan in ta lalace, hanyar shigar ce ta fara tafiya.

Windows tana ajiye saitin reso a wuri biyu: wanda ake aiki da shi yanzu, da wanda za a tashi da shi in an sake kunnawa. Umarnin set address da ka yi amfani da shi yana rubuta duka biyun in ba ka ce masa komai ba, shi ya sa yaron Tasawa ko sau nawa ya kashe ya kunna, ɓarnar tana nan daram. Da ka ƙara store=active, da sauyin ya tsaya a na farkon kawai. Haka route add, in ba ka sa -p ba, ba ya ketare kashewa. Haka New-NetRoute in ka ba shi -PolicyStore ActiveStore. Irin wannan sauyi rubutun allo ne, ana wankewa allo ya koma yadda yake. A garin da kuran kan tafi ba sallama, kuma wanda ke gaban kwamfuta ba lallai ya san netsh ba, babu maganin da ya kai "kashe ka kunna" sauƙi, sai ka gina manhajarka yadda wannan maganin zai riƙa ci.

In kana aiki daga nesa akwai dabarar da ke tafiya da wannan. Kafin ka taɓa komai ka ba da `shutdown /r /t 300`, wato kwamfuta ta sake kunna kanta bayan minti biyar. Ka yi sauyinka na wucin gadi. In har yanzu kana ganinta, ka soke da `shutdown /a`. In ta ɓace maka, ka sha shayi ka jira, za ta dawo da tsohon saitinta. Masu kula da rautocin Cisco sun daɗe suna haka da umarnin reload in. A Ubuntu ma an gina shi cikin netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 in ba ka tabbatar ba. Ka dai kula, wannan sake kunnawar ba ta jiran kowa ya ajiye aikinsa, kada ka yi ta wani na tsakiyar buga takardarsa.

Sai tambayar me ya kamata a sauya. Ba adireshin kwamfuta ba. Abin da kake so kawai saƙon da zai fita waje ya bi ta rauta ta biyu, sauran komai ya zauna inda yake. To ka shiga saitin rautar sim, ka ba ta adireshi cikin reson shagon, a ce 192.168.1.2 in ta farko ce ke da 192.168.1.1, ka tabbata lambar ba ta cikin waɗanda ake rabawa, sannan ka kashe mata DHCP, wato aikin raba wa na'urori adireshi kai tsaye. Wannan na ƙarshen ka duba shi ko da ba za ka sake rubuta layi ɗaya ba. In rautoci biyu a kan suwic ɗaya duka suna raba adireshi, kwamfuta takan karɓi na wadda ta riga amsawa, kuma ba mamaki wasu faɗuwar reson da kuka sha fama da su tun kafin manhajarka daga nan suke.

Da an yi haka, aikin manhajar ya koma layi biyu:

`route add 0.0.0.0 mask 128.0.0.0 192.168.1.2`

`route add 128.0.0.0 mask 128.0.0.0 192.168.1.2`

Kowane layi ya ɗauki rabin adireshin duniya. Ƙa'idar jerin hanyoyi ita ce hanyar da ta fi ƙayyadewa ita ake bi, saboda haka waɗannan biyun suna rinjayar ƙofar fita ta asali ba tare da an goge ta ba. Reson cikin shago kuma ya fi su ƙayyadewa, firinta tana nan ana ganinta. Dabarar da OpenVPN, manhajar haɗa kwamfuta da reso mai nisa, ke amfani da ita ke nan. In za a komo, route delete a kan layukan biyu, ko a kashe a kunna. Ba karo, ba sunan kati, kuma tana aiki a Windows 7.

Abu biyu za su iya kayar da kai a nan. Na ɗaya DNS. In kwamfutocin rauta ta farko suke tambaya fassarar sunayen shafuka, ita kuma layinta ya mutu, za ka ga hanya a buɗe amma ba shafin da ke buɗewa. Sai ka saita DHCP na rauta ta farko ya riƙa ba su DNS na waje, kamar 8.8.8.8 na Google. Na biyu shi ne ramin da manhajarka ta faɗa ba ka lura ba. Bayan ta sauya, gwajin 8.8.8.8 ta sabuwar hanya yake bi, to ta yaya za ta san tsohuwar ta farfaɗo? Ba za ta sani ba. Ka ware adireshi ɗaya na gwaji, a ce 1.1.1.1 na Cloudflare, ka ɗaure shi da rauta ta farko:

`route add 1.1.1.1 mask 255.255.255.255 192.168.1.1`

Ko kana kan wace hanya, gwajinsa lafiyar layin farko yake gaya maka. Kada dai ya zama shi ne DNS ɗinku, tun da ka ɗaure shi da layin da kan mutu.

Ka ce reso ya ɗan yi rawa, ba mutuwa ya yi ba. Saƙon gwaji ɗaya ya ɓata, manhajarka ta juya shago gaba ɗaya. Irin resonmu saƙo ɗaya yakan ɓata ko lafiyarsa ƙalau. A jira gwaji ya faɗi sau biyar ko shida a jere cikin kamar minti ɗaya kafin a sauya, a kuma jira layin farko ya tsaya da ƙafarsa na ƴan mintoci kafin a komo. Dalilin ba ado ba ne. Kowane sauyi yana canza adireshin da duniya ke ganinku da shi, duk wanda ke tsakiyar ɗora takardar haihuwarsa ko hotonsa a shafin gasa sai aikin ya yanke, wasu shafukan ma su fitar da shi ya sake shiga. Reso mai tafiyar hawainiya ya fi wa mai cike takarda alheri a kan mai tsalle tsakanin layi biyu. Sannan akwai forfe. Windows ba ta san kun koma kan sim ba, a wurinta waya ce dai kamar kullum, za ta ci gaba da sauke sabuntawarta. Kwamfutoci da yawa suna haka a lokaci guda, kafin la'asar forfen ya ƙare, kawu ya sake samun abin faɗa. Tun Windows 10 ta 2017 ana iya gaya mata haɗin waya ma na awo ne, ta rage wannan ci.

Bayan duk wannan bayani, gaskiyar da ba za ta yi maka daɗi ba ita ce aikin nan ba na kwamfutoci ba ne, na rauta ne. In rauta ɗaya ta karɓi layukan biyu ta riƙa zaɓa da kanta, kwamfutoci suna kan DHCP ba abin da ya shafe su, har wayoyin masu zuwa da wifi sun amfana, waɗanda manhajarka ba za ta taɓa kai wa gare su ba. A rautocin kamfanin MikroTik ana sa ƙofofin fita biyu, ɗaya distance 1 ɗaya distance 2 (ƙaramar lamba ake fara bi), da check-gateway mai gwada ko ƙofar na amsawa. Sai dai shi wannan ƙofar kawai yake gwadawa, tana iya amsawa alhali bayanta intanet ya mutu, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin wani adireshi na nesa. A rautar da ke ɗaukar OpenWrt, wani tsarin aiki na rautoci, kuma mwan3 ke wannan aikin. Wuri ɗaya ake saitawa, wuri ɗaya ake dubawa in an samu matsala. Na san mai sabon koyon rubuta manhaja ba ya son a ce masa akwati ya riga shi, amma wanda ya saita akwatin nan daidai bai fi wanda ya rubuta Python ƙanƙanta ba. Ka tambayi farashi a wurin masu sayar da kayan reso, ka ajiye lissafin a aljihu har lokacin da kawu zai iya jin sa.

Kalmar sirrin da ka rubuta cikin manhajar kuwa, ka ɗauka ta riga ta fita. Sibar ce, hannu nawa ke taɓa kwamfutocin nan a rana, kuma fayil ɗin Python ko Notepad yana buɗe shi. A sauya ta a duk kwamfutocin. Ba banza Windows ke neman ikon administrata kafin a taɓa waɗannan saituna ba. Wanda ya iya sauya DNS na kwamfuta yana iya kai mai ita shafin bogi alhali ya rubuta sunan na gaskiya. Da haka ƙwayar DNSChanger ta kama kwamfutoci kusan miliyan 4 kafin hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa masu ita a Nuwamba 2011. A shagon da mutane ke shigar da lambobin katin ɗan ƙasa da kalmomin sirrinsu, wannan amana ce a wuyan kawu, ba a naka ba. In wata rana manhajar za ta koma aiki, a sa ta cikin mai tsara ayyuka na Windows ta riƙa tashi da asusun SYSTEM, wato asusun ita Windows kanta, ba sai an rubuta kalmar sirri ko'ina ba. Fayil ɗin kuma a ajiye shi inda mai asusun talaka, wanda ba administrata ba, ba zai iya gyara shi ba, don duk wanda ya ƙara masa layi ya samu ikon kwamfutar dukanta. Ta kuma riƙa rubuta abin da ta yi da lokacin da ta yi shi a wani fayil, don ranar da aka tambaye ka me ya faru kada ka tsaya kame-kame.

Maganar kalmar sirrin nan ma ita ce ƙofarka ta zuwa wurin kawu. Kada ka tare shi a shago gaban mutane. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka gaishe shi, ka ce: "Kawu, ɓarnar ranar nan ni na yi ta, ban gwada yadda ya kamata ba, kuma ban nemi izininka ba. Ka yi haƙuri." Ka tsaya nan. Kada ka shiga bayanin adireshi da ƙofar fita, a kunnensa duk kare kai ne. Shi ba reso ya dame shi ba, mutanen da suka san shi suka kwashi takardunsu suka fita a gaban idonsa, wasunsu ƙila ƴaƴan abokansa ne. Sai ka gaya masa abu biyu da suka rage: kana neman izinin zuwa Tasawa ka mayar da kwamfutar yadda take, kuma kalmar sirrin shago tana bukatar sauyi, shi ya zaɓi sabuwa ya riƙe. In ya ga dama ya ba ka, in bai ba ka ba kada fuskarka ta nuna komai. Kada kuma ka roƙi a bar ka ka sake gwadawa a wannan zaman.

Babban yaron shagon, ka je masa da "yaya", ka tambaye shi wace kwamfuta ce ke da adireshin hannu kuma me ya sa. Dariyarsa ba ta rasa nasaba da cewa ɗan jami'a ya zo zai nuna aikin da ya shekara yana yi ba a bukatarsa. In ka sa shi cikin gyaran, ku zauna tare ku rubuta adireshin kowace na'ura a takarda ku manna a bango, shi zai fara gaya wa kawu cewa yaron nan ya san abin da yake yi. Maganarsa a nan ta fi taka nauyi.

In ƙura ta lafa, ka nemi kwamfuta ɗaya tak, bayan an tashi, da sanin kawu, yaya na zaune. Ku zare wayar da ke kawo intanet cikin rauta ta farko ku ga ko ta sauya, ku buga takarda a firinta tana kan layi na biyu, ku mayar da wayar ku ga ko ta komo, ku cire mata wuta tana tsakiyar sauyi ku ga da wane saiti ta tashi. Ta yi mako a kan wannan ɗayar kafin a yi zancen ta biyu, ta Tasawa kuma ita ce ta ƙarshe. Kada a zuba sabon abu a makon da ake rufe rajistar jarrabawa ko gasa.

Yana iya cewa a'a, shagonsa ne. In haka ta faru, VirtualBox, manhajar da ke tayar da kwamfutocin gwaji a cikin kwamfuta ɗaya, kyauta ne. Ka girka Windows biyu a cikin kwamfutarka, ɗaya na Faransanci ɗaya na Ingilishi, ka haɗa su a reson cikin gida na manhajar, ka ci gaba da gwajin a can.